Yayana a Rukunin Baƙi

Shafin da na buɗe a intanet ya fara ne da hoton tukunyar Inna, ya ƙare ya zama kamar ɗakin ajiyarmu: labarin biki kan labarin albasa, ta'aziyya kusa da kokawa. Sai wata rana bayan la'asar na shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu na Tahoua, na ce yau zan raba kowane rubutu da rukuninsa.

Inna, mahaifiyata, ba ta karatu, amma ba a yin shiri a gidanta ba da ita ba. Na ce mata rukuni kamar garke ne, laƙabin da ake liƙa wa rubutu kuma kamar shaidar kunnen akuya. Nan take ta karɓe aikin. Ta hana a haɗa furarta da sauran abinci, wai ba sa'arsu ba ce. Taubashina, ɗan kawuna na Barmou, da ke da hoto rungume da ragonsa, ta ce a sa shi cikin Dabbobi, tun da ragon ya fi shi fitowa. Na sa shi. Muka yi dariya har maƙwabciya ta leƙo ta katanga.

Daga nan muka iso kan rubutun da na yi game da yayana, ranar da ya koya mini keke ya sake ni na faɗa cikin tallar tumatir. Yayana ya tafi biɗa, wato neman kuɗi, Abidjan tun ina lakwal, 'yar makarantar boko. Yana aiko da saƙo, yana kira ran salla, amma ƙafarsa ba ta sake taka gida ba, kuma idon Inna ya fara raguwa. Na san yana karanta duk abin da na rubuta, don matarsa ta tsegunta mini. Gaskiya dominsa nake rubuta rabin abin, kuma shirunsa yana ba ni haushi.

"Na Gida ko 'Yan Biɗa?" na tambayi Inna.

"Mi ar rukunin da kinka sa Buzayen da ka kawo gishiri?"

"Baƙi."

"Sa shi nan."

Na dube ta, ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Na danna. Sai da abin ya hau tukuna na tuna Yaya mutum ne mai zuciya. Yana iya yin fushi ya daina ko kiran sallar.

Muna cikin shan fura wayata ta ɗauki ƙara, Yaya ne. Ko gaisuwa bai yi ba.

"Auta, wa yas sa ni cikin baƙi? Ni ab baƙo gidan ubana? Ɗebe ni yanzu."

Inna ta fizge wayar, ta gyara murya kamar ma'aikaciyar ofis. "Wanga abu ba ya canzuwa daga nesa. Sai mai suna ya taho da kainai." Ni ina bayanta na danne baki da matashi. Ya san ƙarya ce, shi da ke gyaran waya a kasuwa. Ya kashe.

Ya yi makonni bai kira ba. Dariyata ta ƙare, na roƙi Inna in mayar da shi Na Gida, ta ce in na taɓa sai ta sa ni cikin Dabbobi tare da ɗan kawu.

Ana saura kwanaki layya ya sauka a tasha, da tumbi da furfura. Murna kamar mu tashi sama. Aka shimfiɗa masa sabuwar tabarma, aka ba shi ruwa a kofin gilashin da ba a fitarwa sai an yi baƙi. 'Ya'yan yayata suka yi layi suna leƙen "baƙon Abidjan". Ya tashi zai kama ruwa ya nufi inda bayan gida yake da, ya tarar da ɗakin kaji. Kowa ya kwashe da dariya, shi ma ya yi, amma na ga fuskarsa ta faɗi.

Da ya dawo ya zauna kusa da ni, ya yi ƙasa da murya. "Auta, kin canza?"

Kafin in amsa Inna ta ɗauke kofin gilashin daga gabansa. Ta miƙa masa igiya.

"Tashi, ragon layya ya kwance, ga shi can cikin dawar mutane. In ka kamo shi ka biya ka sawo min kanwa. Kak ka daɗe."

A gidanmu ba a aiken baƙo. Yaya ya tsaya da igiyar a hannu, idonsa ya cika. Ya tuɓe takalmansa masu ƙyalli, ya zura silifas ɗin Inna, ya fita da gudu tumbi na rawa.

Inna ta saurara har ƙarar silifas ɗin ta ɓace a lungu, sannan ta juyo wajena.

"To, yanzu canza."