Abin da Inna Fanta ta gaya wa ɗanta

Inna Fanta ta shekara hamsin da 'yan kai a Fassi tana yin Hausar da ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata. Katangarmu ɗaya. A nan aka haife ni, nan na dawo bayan rasuwar maigidana, don haka ba labari aka ba ni ba.

Daga wata ruga ta bayan Rurum aka kawo ta gidan Malam Muhammad Sani, Hausarta ba ta wuce ta cinikin nono ba. Tun satin farko uwar mijinta ta kafa doka: ba a yi mata yaren shanu a gida. A bakin rijiya da gindin turmi Fanta ta tsinci Hausa, ta faɗa a yi dariya, ta gyara. Mu ma da muka taso mun kwaikwaye ta. Ban cire kaina ba.

Ɗa ɗaya Allah ya raya mata, Ɗayyabu, kuma shi ne na fari. Kunyar ɗan fari ta Fulani ta ninka tamu. Ba ta taɓa kama sunansa ba, "wancan" take cewa. Ta ajiye masa kwano ta kau da kai. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. To a ina zai ji Fillanci? Ya girma ya zama malamin Turanci a wata sakandare a Kibiya, yana da Larabcinsa daidai gwargwado. Na uwarsa kuwa, ko kalma goma babu.

Bara da damina ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Da bakinta ya buɗe bayan kwana tara, Hausar ta tafi kaf, sai Fillanci zalla. Likita ya ce hakan na faruwa, wani lokaci harshen da mutum ya fara ji shi ke saura. Saudat, matar Ɗayyabu, ta ce aljanu ne. Aka kira mai ruƙiyya ya kwana uku yana daka tsawa a kan tsohuwar da magana kawai take yi.

Kunyar ma ta bi Hausar. Sai ta damƙi hannun ɗanta da hannunta mai lafiya, ta ce "Ɗayyabu," magana ta biyo baya, doguwa. Shi yana durƙushe yana ta "Na'am, Inna. To, Inna." Mutum da furfurarsa, sai yanzu uwarsa ta kira sunansa, kuma bai san me take so ba.

Na ce masa, "Malam, Turancin ya ƙare? A nemo mai ji mana."

"Yaya Bara'atu, sai gari ya ɗauka ban san yaren uwata ba."

"Da ka sani ne?"

Ni na tare Lubabatu mai tallan nono na shigo da ita ɗakin. Inna Fanta ba ta ko dube ta ba, ɗanta take kallo. Ta yi magana ta kai minti ashirin, shi kuma yana ɗauka a waya. Tun ana rabi Lubabatu ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ɗayyabu ya ce, "Me ta ce?"

"Tana sa maka albarka."

Na ce, "Ke Lubabatu, duk wannan zancen albarka ce kawai?"

"Hajiya, maganar uwa da ɗan fari ce, bakina ba zai ɗauka ba. Ciwo ne ya sa ta. Da lafiyarta lau, gara ta mutu da ta faɗa, balle a gaban baƙuwa." Ta ɗauki ƙwaryarta ta fice. Na bi ta har zaure ina roƙo, ko waiwaye.

Ranar Juma'ar da ta biyo Inna Fanta ta rasu.

Maganar tana nan a wayarsa. Na ce ya kai wa kowane Bafillace a kasuwar Rano ya fassara masa. Ya ce bayan abin da Lubabatu ta faɗa, da wane ido zai tona asirin uwarsa a cikin kasuwa? Gidan da ya hana ta yarenta, yau shi ke taya ta kunya.

Da la'asar nakan jiyo muryar tsohuwar ta kan katanga, yana kunnawa yana maimaitawa. Sunansa kaɗai yake ganewa. Ya ce mini ya ƙirga, sau goma sha ɗaya ne.