Shuɗin da Attahiru ya zaɓa

Duk ma'aikacin da ke sa shamis, rigar nan ta zuwa ofis, ya tsuke ta cikin wando a Tawa ya san Attahiru mai yadi. Ɗan Barmu ne, ya shigo birni da ƙuruciya yana tallar yadi a kafaɗa, har Allah ya ba shi rumfa a layin ƴan yadi. Shadda da atamfa ba ruwansa da su. Yadin shamis ya riƙe, kuma a nan ba a ja da shi. Yakan damƙe yadi a tafin hannu ya saki, ya ji ko ya yamutse. Yakan zaro zare ya ƙona da ashana, in ya ji warin roba ya ture bandirin gefe ya ce, "Wanga, in ka sa shi cikin zahin Tawa, dahuwa za ka yi da ranka." Mutum ne mai gaskiya, amma fa akwai cika baki, Allah ya sani. Cewa yake yi idonsa bai taɓa yi masa ƙarya ba.

An yarda da shi har malaman lakwal, wato makarantun boko, na ƙauyuka sun daina wahalar zuwa. Sai su buga waya su ce, "Baba Attahiru, zaɓa mini." Ya yanka, ya miƙa wa tela, riga ta bi motar kasuwa.

To, idon nan da yake taƙama da shi, shi ya fara cin amanarsa. Yanar ido ta soma rufe shi a hankali, launuka suka koma masa kamar an wanke su da ruwan toka. Bai gaya wa kowa ba, ko matarsa Habi. In aka ji mai zaɓen yadi ba ya gani, wa zai ƙara cewa ya zaɓa masa? Sai ya jera bandiransa ya haddace wurin kowane: farare a sama, shuɗɗa ta dama, masu ratsi a ƙasa. Sauran aikin ya bar wa yatsunsa.

Da damina ya tafi Barmu ta'aziyya. Ruwa ya sauka da iska, kwanon rumfa ya yi yoyo. Sadiƙu, maƙwabcinsa ɗan Maradi mai sayar da shadda, wanda yake bar wa makulli, ya kwashe kayan ya tsirar da su, ya mayar yadda hannu ya kai.

Dawowar Attahiru ke da wuya sai ga wayar Muktari, malamin lakwal a Tebaram, wanda aka ba muƙamin daraktan lakwal. Shuɗi mai haske yake so, na mutunci, don ranar kama aiki. Attahiru ya miƙa hannu dama, ya murza, ya ji auduga zalla, ya yanka. Sadiƙu yana masallaci. Tela kuwa, abin da Baba ya zaɓa ai ba a tambaya.

Ranar wata kasuwa Muktari ya shigo layin sanye da rigar. Attahiru ya gane muryarsa, ya kamo hannun rigar ya murza, ya ɗaga murya don kowa ya ji:

"Ku taho ku ga shuɗi! Wa ya iya wanga zaɓe in ba ni ba?"

Ƴan layi suka kawar da kai. Wata mata da ke taya atamfa a rumfar gaba, ba ta san komai ba, ta ƙyalƙyale da dariya. "Wane shuɗi, Baba? Ai wannan ruwan hoda ce, irin ta rigar jarirai!"

Muktari ya yi ƙasa da murya. "Na sa ta gaban tuta ranar kama aiki, Baba, yara suna ta ƙus-ƙus. Na ce tunda kai ka zaɓa, ƙila yayi ne."

Wayyo. Attahiru ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya saki hannun rigar, ya lalubi takalmansa, bai ko rufe rumfar ba.

A gida ya zauna ya gaya wa Habi sirrin da ya daɗe yana ɓoyo. Ko daina tankaɗe ba ta yi ba.

"Malam, sai yau? Layin nan kaf sun sani tun bara. Da Sadiƙu ke ɗaga murya yana cewa, 'Kai, farin nan na hannunka ya yi kyau,' ka ɗauka yabo ne? Faɗa maka yake yi. Ni ma da nake cewa ga koriyar hularka, mi kake tsammani?"

Wannan ta fi dariyar mai taya atamfa ciwo. Ashe duk lokacin da yake tsaye yana cika baki, jansa ake yi a hankali kamar makaho mai riƙe da sanda, ana kallonsa da tausayi. Kunya ta hana shi fita har ya rasa jam'in salla, shi da ba ya fashi.

Da ya koma rumfa, wani ma'aikaci ya zo neman yadi. Attahiru ya jawo bandiri, ya damƙa, ya saki. Sai ya ji Sadiƙu yana gyaran murya daga rumfarsa, zai fara yabon da ya saba.

"Sadiƙu," in ji shi, kansa a sunkuye, "bar yabon nan haka. Gaya mini kawai, wace kala ce na riƙa?"

Sadiƙu ya leƙo ya duba. "Ruwan toka ce, Baba."