Ƙafar Yayana da Kamfanin Inshora

Shekarun baya, ana tsakiyar yankan shinkafa, wata motar kaya ta kaɗe yayana a kan babur a hanyar Auyo. Ƙafarsa ta karye mummunar karaya. Likita a Hadejia ya ce sai an kai shi Kano an sa ƙarfe, in ba haka ba zai iya rasa ta. Mu kuwa ba mu da halin wannan aiki.

Direban bai gudu ba. Dattijo ne mutumin garin Malam Madori, shi ya kawo yaya asibiti, ya tsuguna gaban mahaifiyata yana hawaye. Ta ce, "Tashi, bawan Allah. Ƙaddara ce, mun yafe."

Na ce, "Inna, motarsa tana da inshora. Saboda irin wannan rana doka ta tilasta wa kowace mota yin ta."

Ta harare ni. "Mutumin da ya nemi gafara za ka kai ƙara?"

"Ba shi zai biya ba, Inna, kamfani ne."

Direban ya ce, "Hajiya, ki bar shi ya gwada. Wallahi ni na ɗauka takardar ta nuna wa 'yan sanda ce kawai."

Muka kai wa kamfanin rahoton 'yan sanda da na likita. Nan aka fara yawo da mu: yau manaja ya yi tafiya, gobe ana dubawa. Ƙafa kuwa sai kumbura take, har Inna ta aika a kira mai ɗori.

Wani abokina ne ya gaya mini akwai hukumar gwamnati da ke ba waɗannan kamfanoni lasisi, kuma tana karɓar koke a kansu. Ya samo mini lambarsu. Da zan kira, sai da na yi wanka, na sa babbar riga, na kafa hula, sannan na tuna ba a ganin mutum a waya. Matata ta yi dariya har da riƙe ciki.

Wata mata ce ta ɗauka. Ta saurare ni tsaf, ta ce, "Malam, haƙƙin wanda aka kaɗe ne, ba alfarma ba ce. Turo mana takardun, dole su ba mu amsa."

Ba a daɗe ba manajan da kullum yake tafiya ya kira ni da kansa, har da "ranka ya daɗe". Kamfanin ya biya, aka yi aikin a Kano. Yau yaya yana ɗan ɗingishi, amma da ƙafarsa yake shiga fadama.

Tun daga nan na daina jin nauyin neman abin da doka ta ba ni, don na gane akwai na sama da kowane kamfani. Inna ma yanzu in hatsari ya samu wani a unguwa, tana gama jaje sai ta ce, "Ku nemi ɗan nan nawa, ya san wanda masu inshora suke tsoro."