Ranar da Muka Dafa Sondi a Butar Shayin Alhaji

Har gobe ba na mantawa da ranar da muka dafa kayan mota a butar shayi, a garaj ɗinmu na Agadas. Shekaru kaɗan ke nan bayan samun mulkin kai. Ni ne mekanisiyan, wato makaniki, na biyu, Shef Umaru ke sama da ni, mutumin da in ka ji ya yi doguwar magana, to wani abu ya lalace ƙwarai.

Alhaji Bukar, mai fataucin gishirin Bilma da dabinon Fashi, yana da wata tsohuwar kamiyonet, ƙaramar motar kaya, da ya saya a hannun wani Bafaranshe mai komawa gida. Moter ɗinta, wato injin, ya ƙone ƙurmus kusa da Adarbisanat, aka jawo ta gari. Muka samo wani moter daga wata motar da ta kife, muka sauke tsohon da sarƙa, muka ɗora wannan. Abin da ya rage mana shi ne sondi.

Ga waɗanda ba 'yan sana'a ba, sondi wani ɗan ƙarfe ne kamar yatsa, ana murɗa shi a kan moter inda ruwa ke wucewa. Waya ɗaya ke fita daga gare shi zuwa allurar da ke gaban mai tuƙi. In ruwa ya yi zafi, allura ta hau ja, sai a tsaya. Na cire na tsohon moter, na kai ramin sabon, ya faɗa ciki yana lilo, ramin ya yi masa yawa. Shef ya aike ni wurin wani maƙeri ya zuba mana zoben tagulla da zai cike tsakani. Na ce wa maƙerin abin a ɓoye jikin moter zai zauna, ba mai ganinsa. Duk da haka sai da ya zane shi da ado kamar na amarya, ya ce aikinsa ba ya fita tsirara.

To, amma ba wannan ce rigimar ba. Alhaji ya kafe cewa shofer ɗinsa, Musa, shi ya kashe masa moter da sakaci. Musa kuwa ya rantse bai taɓa ganin allura ta hau ba. A gabanmu Alhaji ya yanke hukunci: a gwada sondin kafin a ɗaura, in yana aiki, Musa ya ajiye makulli. Motocin Agadas a lokacin ba su da yawa, shofer ɗin da aka kora kan ƙona moter ya gama tuƙi a garin nan. Ga shi da iyali. Gaskiya na ji tausayinsa, don ni na san sondin nan lafiyarsa lau.

Gwajin ba wuya. Ana tsoma sondi a tafasasshen ruwa, a haɗa jikinsa da ƙarfen mota, a murza makulli, a dubi allura. Sai dai ba mu da tafasasshen ruwa. Shef ya waiga, idonsa ya sauka kan Alhaji, wanda tun da aka fara aikin nan kullum yake zuwa da tabarmarsa da gawayinsa yana gadinmu.

"Alhaji, a ara mana buta."

"Butata? Da shayin a ciki?"

"Ita kaɗai ke tafasa a nan."

"Ɗauka! Yau gaskiya za ta fito, ko da shayina zai tafi."

Na goge sondin da bakin rigata, wadda ta fi shi dauɗa, na tsoma shi cikin buta, ganye da sukari da komai. Alhaji ya tattare babbar riga ya hau kujerar shofer, ya ce da idonsa zai gani. Musa na tsaye a bakin ƙofa, gumi har wuya.

Shef ya ce a murza makulli. Aka murza.

"Ta hau, Alhaji?"

Sai muka ji ya ce, "Wai ina allurar take?"

Na leƙa. Ashe duk gaban motar an lulluɓe shi da fata jemammiya, ja da kore, mai tuntaye suna reto kamar kayan raƙumin ango. Yayar Alhaji ce ta ɗinka masa da ya sayi motar, kuma ya hana kowa taɓawa da hannun mai. Ni kaina ta baya na bi da waya don tsoron faɗansa.

Alhaji ya sa yatsu biyu ya ɗaga fatar a hankali. Ga allura can ta kwanta a kan ja. Ya yi tsalle har rawaninsa ya bugi rufi.

"Kun gani! Tana aiki! Musa, me za ka ce?"

Musa ya durƙusa, ya ce, "Na gani, Baba Alhaji. Yau na fara ganinta. Kai ka ce ranar da na ɗaga fatar nan, ranar zan bar aiki."

Wallahi ban san inda zan sa fuskata ba. Na shige ƙarƙashin mota wai ina neman wani abu, ina cizon hannun riga. Alhaji ya daɗe zaune da fatar a hannu, ya rasa ko ya saki ko ya riƙe.

Shef ne ya cece shi. Ya ce, "Laifin Turawa ne, Alhaji. Sun sa allura inda ado ke zama." Alhaji ya yi maza ya ce lalle haka ne, Turawan nan ba su san kyau ba. Muka murɗa sondi cikin zobensa, muka ɗaure a kan moter, ko ɗigon ruwa bai fita ba. Allurar kuma muka ciro ta daga ƙarƙashin fata muka ɗaure a wuyan sitiyari, inda ko makaho zai yi karo da ita.

Alhaji bai ce a yi haƙuri ba. Ya koma tabarma, ya ɗauki butar nan, ya tsiyaya shayin daga sama har ya yi kumfa, mai yana yawo a kansa, ya miƙa wa Musa kofin farko. Musa ya karɓa da hannu biyu ya shanye tas, ya ce bai taɓa shan mai daɗinsa ba. Hawaye na zubo masa, ban sani ba ko na murna ne ko na man moter.

Tun ranar, ba na cewa na gama aiki sai na zauna a kujerar shofer na ga abin da idonsa ke gani. Kuma na gane manyanmu ba da baki suke ba da haƙuri ba. In sun miƙo maka shi a kofi, ka shanye, kada ka tsaya shinshinawa.