Sunan Iya Falmata ya fito akwatuna

Tun safe nake fama da kwamfuta a shagonmu na Jimeta, ko karyawa ban yi ba.

Matan wata islamiyya a Malkohi za su yi walimar sauka jibi, ni aka ba aikin buga takardun shaidarsu. Malaminsu ya ce kowane suna ya fito da boko da ajami, don yawancinsu ajami suke karantawa. Na zuba sunayen, manhaja ta haɗa takardun, sai ga ƙananan akwatuna a wurin ajamin.

Na canja font. Wanda ya san ajami bai san ƙ da ɗ ba, wanda ya san su kuma ya wargaza ajamin.

Ana cikin haka Iya Falmata ta shigo. Dattijuwa ce da rikici ya koro daga Borno, ta biyo malamin don ta ga tata. Ta daɗe tana duban gwajin da na buga.

"Ɗana, ina sunana?"

"Iya, injin ne bai san haruffan ba. In ya gagara, sai mu bar bokon kawai."

Ta ajiye takardar a hankali. "Gida na bari, gona na bari. Sunan nan kaɗai na fito da shi. Ka sa shi yadda zan gane."

Har yanzu ban samu ba, kuma na kasa zama. Don Allah wanda ya san font mai ɗaukar duka biyun ya rubuto min a ƙasa. Ba zan miƙa wa matar nan akwatuna ba.