Sarakunan Farisa a Bakin Tukubata

Shekarun da na yi ina gasa tsire a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, tukubar ba tawa ba ce, ta kawuna ce, wan mahaifiyata, wanda ya zo Jidda daga Sudan tun kafin a haife ni. Kafin nan na yi aikin jirgin ruwa, na ga Adan da Basra da Bombai. A jirgin akwai wani injiniya Bamajuse, shi ya gaya mini malaman addininsu kan rufe baki da ƙyalle in za su kusanci wuta, don kada numfashi ya ɓata ta.

Ni kuwa hayaƙi ne ke sa ni tari, shi ya sa nake ɗaure baki da gefen rawani. Wata rana da la'asar wani ɗan dako ya ce, "Mai tsire, kunya kake ji ko warin baki?"

Na ce, "Kai dai jahili ne. Haka sarakunan Farisa suke tsayawa gaban wuta."

"Waɗanne?"

Nan take na ƙirƙiro su. Gida guda ne na Majusawa, ɗa ya gaji uba, wutar fadarsu ba ta taɓa mutuwa ba. Kullum sai na ƙara wani abu. Akwai sarkin da ya hana a tofa yawu a kogi. Akwai gurgun da ya goyi kaskon wutar ya haye dutse da ita lokacin ambaliya. 'Yan dako da direbobin tasi suka riƙa zuwa da wuri, wasu ko tsinke ɗaya ba sa saye.

Labari ya kai wa kawu. Ya zo ya tsaya har na sallami mutane.

"Ɗan nan, masu bautar wuta kake yabo, a ƙofar Makka?"

"Kawu, tatsuniya ce. Salla ta taɓa wuce ni?"

"To gobe ka musuluntar da sarkin, a kashe wutar. Halas, shi ke nan. In ba haka ba, bar mini tukubata."

Na daɗe ina juya maganar. Na ji masu ba da labari a gidajen shayin Basra, na ji na Omdurman, ban taɓa ganin wanda mai rumfa ya rubuta wa ƙarshe ba. Kuma sarakunan nan tun kafin zuwan Manzo na ajiye su. Ni na yi su, na san halinsu, gurgun nan bai hau dutse don in zo in watsa wa wutarsa ruwa ba.

Washegari kawu ya zauna a kan benci cikin jama'a. Na ɗaure bakina, na ce tsohon sarki ya rasu, ɗansa ya hau, ya ƙara wa wutar itace.

Kawu ya miƙe. "Yalla, maza kwashe tsinkenka."

Na kwashe. Na sami rabin duro na kafa a wani lungu a unguwar Bagdadiyya, nan cikin Jidda, inda ma'aikatan ofis ke wucewa da sauri, ba ruwansu da Farisa. Ciniki ya ragu sosai, kawu kuma ya daɗe ba ya amsa gaisuwata. Amma a cikin makon farko ɗan dakon ya iso da gumi, daga Balad a ƙafa, ya zauna a kan dutse.

"Mai tsire, yaron nan da ya hau, ya yi aure kuwa?"

Na gyara garwashi, na ce, "Tukuna. Sai ya gama da 'yan tawayen arewa."