Jirgin da Yaya Bai Gama Ba

Yayana ya sayo kwalin a Jidda: ƙaramin jirgin ruwan yaƙi na Japan, gutsattsarin roba da ake haɗawa da gam. Bayan la'asar yakan zauna a ɗakinmu na unguwar Misfala a Makka yana liƙa bindigogin, yana ba ni labarin jirgin na gaske. An tura shi yaƙin da aka san ba zai dawo ba, ya nutse da mutanensa.

Aikin ya kai rabi aka kama Yaya, don ba shi da igama, takardar izinin zama a ƙasar. Aka yi masa tarhil, aka tasa ƙeyarsa zuwa Kano, garin da bai taɓa gani ba.

Na ƙarasa jirgin don in tura masa hoto. Da na shafa fenti sai na kai shi saman bene ya bushe, inda Umma take shanya komai, daga kuɓewa har katifa. Na manta roba ce, kuma ranar Makka ba ta da tausayi. Da na koma, bindigogin duk sun lanƙwashe, suna kallon ƙasa.

Har yau in ya kira yakan tambaye ni ko na gama. Nakan ce masa saura kaɗan.